Mashin ɗin Ruwan Alhaji Bakari

Ba zan tsaya kan yadda muka fita daga Mubi ba. Duk wanda yake garin a shekarar da mutanen daji suka shigo yana da nasa labarin, na wasu ma ya fi nawa muni. Abin da zan faɗa kawai, matata Hauwa da yaranmu uku sun samu motar da ta yi Yola da su, ni kuwa hanya ta rufe kafin in bi bayansu. Sai na juya kan mashin ɗina, na bi ta cikin duwatsu na faɗa Kamaru. Sunana Ya'u. Bakaniken mashin ne ni, garejina yana Sabon Layi, unguwar da mahaifina ya zauna tun da ya taso daga ƙasar Katsina da sana'ar dukanci.

Akwai abin da na ɗauko daga Mubi wanda ya fi jakata nauyi. Watanni kafin garin ya faɗi, wasu samari sun riƙa kawo mini mashina, bibbiyu, uku-uku. Su ce a toshe ƙarar salansa, a ƙara wa kariyar baya ƙarfe don ta ɗauki kaya. Ba sa ciniki, ba sa hira. Ban tambaye su komai ba. Ranar gudu na ga ɗaya daga cikin mashinan nan a bakin kasuwa, mutum uku a kai, kowa da bindiga. Na gane waldar hannuna a jikin kariyar. Ban gaya wa kowa ba, har Hauwa.

Zangona na farko garin Gidar ne. A nan na haɗu da wani mutum mai fara'a da farar hula, ya ce mashin mai lambar Najeriya ba zai wuce shingen gaba ba sai an yi masa takarda, shi kuma ya san ofishin. Ya saya mini shayi da burodi, ya zaunar da ni a inuwa, ya karɓi makulli ya tafi da mashin ɗin. Na zauna a wurin nan tun hantsi har aka kira la'asar. Mai shayin ne ya gaji da ganina, ya ce da ni cikin Fillanci, "Bawan Allah, tashi ka nemi hanya. Kai ne na uku a makon nan."

Daga ranar na daina yarda da fara'a.

Na isa Garwa a bayan motar albasa. Na yi zaton bakanike ba ya rasa aiki a garin da mashina suka cika kamar Garwa, ashe ban san lokacin da muke ciki ba. In na shiga gareji na yi sallama, a ba ni injin in kwance in ɗaure, maigidan ya gyaɗa kai. Sai ya ce, "Daga ina?" In ce Mubi. Nan take fuska ta sauya. Wani ma ya fito fili ya ce da ni, "Ku ne kuke gyara musu mashinan ai." Ya faɗa ne kawai don ya kore ni.

A barandar wani masallaci nake kwana. Wata tsohuwa mai sayar da kunun gyaɗa a ƙofar masallacin, kowa Dada yake ce mata, kullum da safe sai ta cika mini kofi ta tura gabana ba tare da ta dube ni ba. Na yi kwana huɗu ina tunanin me take nema a wurina. Babu abin da take nema. Ɗanta ne ya tafi Najeriya neman aiki shekaru da yawa, bai dawo ba.

A wurin Dada na haɗu da Malam Zira. Dogo ne, siriri, mutumin Michika, Kirista, malamin Faransanci a wata makarantar sakandare kafin a kore su. Ya ji Hausata ya matso.

"Kai na Mubi ne?"

"Na Mubi ne."

"Wane aiki?"

"Gyaran mashin."

Ya dubi hannuwana, baƙin mai duk ya shiga ƙarƙashin farce. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce ya samu aiki a Lagdo, bakin babban tafkin da aka datse kogin Binuwai, yana koya wa 'ya'yan wani attajiri Turanci. Attajirin kuma yana neman bakanike.

"Ya ce ɗan Najeriya yake so," in ji Zira.

"Me ya sa sai ɗan Najeriya?"

"Ban tambaye shi ba. Za ka je ko ba za ka je ba?"

Kwana uku kafin nan na ari waya na kira Hauwa. Ta ce suna kwana a ajin makaranta, ƙaramar 'yarmu Zainab tana zazzaɓi. Na ce zan je.

Alhaji Bakari gajere ne mai ƙiba, muryarsa a ƙasa-ƙasa, yana da jiragen kamun kifi da motocin da ke kai banda kudu. Ya karɓe ni da mutunci fiye da yadda ya kamata. Ya ba ni ɗaki a bayan rumbun kifi, ya ba ni waya, ya sa ana kawo mini abinci daga cikin gida. Sannan ya miƙo hannu.

"Kawo katinka na ɗan ƙasa in ajiye maka. In jandarma suka gan shi a jikinka, matsala ce. In yana wurina, kai yarona ne."

Na ba shi. Ina miƙawa zuciyata tana cewa kar ka ba shi.

Washegari ya kai ni wata rumfar kwano a bakin ruwa, aka yaye tampol. Ban taɓa ganin irin abin ba sai a talabijin. Mashin ne na ruwa, babba, fari da shuɗi, tsawonsa ya kusa na ƙaramar mota. Yana da kai irin na mashin, da doguwar kujera mai hawa biyu wadda mutum uku za su zauna a jere. Alhaji ya ce daga Duwala aka kawo masa, don nishaɗin yara.

"So nake ka cire kujerun duka. Ka yi mini kariya mai ƙarfi a wurin, daga nan zuwa nan." Ya ware hannuwa, ya nuna tsawon da ya kai kamu uku. "Sannan ka hau ka gwada, ka gaya mini gaskiyar yadda yake tafiya."

"Ranka ya daɗe, wane irin kaya zai ɗauka? Don in san ƙarfen da zan sa."

"Kifi."

Mutumin da yake da jirage sama da goma, kowane yana cin kwanduna ɗari, shi ne zai ɗora kifi a bayan abin wasan yara. Na ce to.

Aikin kansa, in faɗi gaskiya, ya yi mini daɗi, don na yi kewar sifana a hannuna. Kujerar baya ba wuya, wani ɗan maɓalli ne a ƙarƙashi, ka ja ta ɗago. Ta gaba ita ce ta rufe injin. Da na cire ta sai ga ramin injin a buɗe, wato ruwa kaɗan ya fantsamo ya cika shi. Na yanka farantin ƙarfe na rufe, na zagaye bakin da robar tiyub, na bar masa hanyar shan iska ta gaba. A kai na ɗora kariyar, na ɗaure ta da noti shida. Kwana biyar na yi. Kujerun biyu na jingine su a bango, sababbi fil, ko ledar jikinsu ba a gama cirewa ba. Duk lokacin da na ɗaga kai, sai in ga Zira a gindin wata bishiya yana kallona. Da yamma kuma in hango shi tsaye kusa da Alhaji da wasu baƙi biyu masu baƙin tabarau, ana Faransanci. Na yanke a raina cewa shi aka sa ya sa mini ido.

Akwai wani tsohon masunci da ke gyaran raga kusa da rumfar, Baba Ali, asalinsa mutumin Yawuri, ya fi shekara talatin a tafkin. Ranar gwajin farko ya kira ni.

"Ɗana, ka iya ruwa?"

"Na yi iyo a mayo, rafin garinmu, da damina, ina yaro."

Ya yi dariya. "Wannan ba mayo ba ne. Da safe yana kwance kamar tabarma. In azahar ta wuce, iska ta taso daga gabas, ko ni ba na shiga tsakiya."

Da safe aka tura mashin ɗin cikin ruwa, aka ba ni rigar da ke hana nutsewa. Tunda babu kujera, a tsaye na hau, ƙafa ɗaya kowane gefe. Na murɗa totur kaɗan, sai abin ya zabura kamar doki. Ba kaya a kansa, ya yi sauƙi ƙwarai, yana tsalle bisa ruwa, kowane tsalle a gwiwoyina yake sauka. Na gano abu biyu nan da nan. Ba shi da birki. Kuma in ka saki totur, kan ba ya juya shi ko kaɗan, don ruwan da yake fesowa ta baya shi ne sitiyarinsa. Wato lokacin da tsoro ya ce ka sassauta, lokacin ne ya kamata ka ƙara wuta.

Sannan aka ɗora buhun yashi biyu. Nan labari ya sauya. Gaban ya ɗaga sama, bayan ya nutse har ruwa yana wanke mini dugadugai. In ina gudu a miƙe, da dama-dama. Amma da na rage gudu zan juya, sai ya kwanta gefe guda, ya tsaya a haka kamar yana shawara, kafin ya miƙe. Nauyin ya hau sama da yawa. An yi shi ne don mutane masu karkata jiki tare da shi, ba don kayan da ba ya motsi ba.

Na fito na samu Alhaji da baƙinsa biyu da Zira, ga masunta suna kallo. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ranka ya daɗe, ka ce in faɗi gaskiya. Ba kaya, yana tafiya lafiya, sai dai mai tuƙi zai sha wuya a gwiwa. Da kaya kuwa, in ruwa yana kwance zai kai. In akwai iska, zai kife. A mayar masa da kujerunsa ya fi."

Alhaji ya yi murmushi. "Ai kai gwani ne. A hannunka ba zai kife ba."

"A hannuna?"

"Wa zai tuƙa in ba kai ba? Jibi za ka ƙara gwadawa, ka kai har wancan tsibirin mai duwatsu. Akwai masu jiranka, su sauke yashin, ka dawo."

Masu jiran yashi. Na koma ɗaki ban iya cin abinci ba. Na kira Hauwa, ta sa mini Zainab a waya, zazzaɓin ya sauka, tana tambayata ko na ga dorina. Na ce na ga kunnuwanta kawai. Ta yi ta dariya, ni kuma hawaye suna zubo mini. Da na kashe wayar na juya, sai ga Zira a bakin ƙofa. Ban san tun yaushe yake tsaye ba. Ya juya ya tafi.

Washegari da hantsi ya same ni a rumfa. Ya tsuguna kamar yana duba injin, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Malam Ya'u, gobe ba yashi ba ne."

"Mene ne?"

"Ban sani ba. Ba su faɗi sunan shi ba. Amma jirgin masu sintiri ba ya kama wannan mashin a gudu, shi ya sa. Na ji ɗayan baƙin nan ya ce, in an kama shi fa? Alhaji ya ce, ɗan Mubi ne, bakaniken mashin, ba takarda. Wa zai saurare shi? Zan ce sace mini ya yi."

Na dube shi. "Me ya sa kake gaya mini?"

"Ka ji dai."

"Ko turo ka aka yi a ga abin da zan yi?"

Ya miƙe ya karkaɗe wandonsa. "Ka ɗauka yadda ka ga dama."

Na wuni ina juya maganar. In gaskiya ya faɗa, na shiga uku. In gwaji ne, na gudu, za su ce ga shi, dama ɗan leƙen asiri ne. Hanyar fita daga Lagdo ɗaya ce, da shinge a kanta, katina kuma yana aljihun Alhaji. In je wurin jandarma in ce me? Ni da ko tambaya biyu aka yi mini kan garejina sai in fara rawar baki.

Ranar ta zo. Ba da safe aka kira ni ba, sai bayan azahar, lokacin da masunta suka fara fitowa kuma masu sintiri suke hutawa. Iska ta riga ta taso. Baƙin nan biyu suka fito da buhu biyu daga bayan mota, su da kansu suka ɗora. Na kai hannu zan gyara zaman ɗaya. Yashi yana bin hannu. Wannan bai bi ba. Akwati ne a ciki, dogo, mai kusurwa, da nauyin ƙarfe. Na nemi rigar ruwa, aka ce an manta ta a gida.

Na tuna samarin Sabon Layi da kariyar da na yi musu. Wancan karon zan iya cewa ban sani ba. Wannan karon hannuna ya taɓa.

Na ce, "Bari in ƙara ɗaure noti." Na tsuguna da sifana a gabansu. Huɗu daga cikin shidan na kwance su har saura zare ɗaya, ina nishi kamar mai ɗaurewa. Ina miƙewa Baba Ali ya wuce ta gefena da ragarsa a kafaɗa, ya jefo mini wata ƙaramar jarka da igiya a wuyanta.

"Riƙe ruwan sha, ɗana. Rana da zafi."

Babu komai a cikinta, an toshe bakin tam. Na rataya ta a ƙirji, na tura cikin riga.

Na yi bismilla na tayar. Tun daga bakin gaɓa raƙuman ruwa suke dukan gaban mashin ɗin, yana ɗagawa yana faɗowa da ƙarfi, ina jin kariyar tana ƙara a bayana. Na miƙe sosai har mutanen gaɓa suka zama ƙanana, na kai inda Baba Ali ya taɓa nuna mini cewa tsohon kwarin kogin yana ƙasa, ba a taɓa samun gindinsa da gora ba. A nan na juya kan na ba igiyar ruwa gefe, na saki totur.

Ya kwanta kamar yadda ya yi ranar gwaji, amma bai tashi ba. Na ji ƙarfe ya ɓalle, wani abu ya doke ni a ƙugu, sai duhu da sanyi. Na sha ruwa. Ban san sama ba, ban san ƙasa ba. Jarkar nan ce ta ja ni ta wuya har kaina ya fito. Na ga mashin ɗin a kife, farin cikinsa yana sama, babu kariya, babu buhu.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina shan ruwa ina amayarwa ba kafin in ji an kama wuyan rigata. Baba Ali ne da ƙaninsa a kwalekwale. Ashe tun da na tashi suka biyo ni daga nesa. Suka kwantar da ni a kan raga. Na ga ba gaɓar Alhaji suka nufa ba.

"Baba, ina za mu?"

"Inda ba a san ka ba. Mu dai mun nema, ba mu ga gawa ba."

A wani ƙauyen masunta suka sauke ni, wata mata ta gasa mini ƙugu da ruwan zafi kwana uku. Daga nan aka sa ni a motar banda zuwa Garwa, daga Garwa na bi jirgin 'yan kasuwa ta Binuwai har Yola. Na samu Hauwa tana wanki a harabar makarantar. Ta gan ni ina ɗingishi, ta zauna a ƙasa da kumfa a hannunta. Har yau ban san abin da ke cikin akwatunan nan ba, kuma har yau ƙuguna yana tashi in sanyi ya shigo.

Bayan an kwato gari muka koma Mubi. Garejina ya ƙone, na sake kafa rumfa a wurin. Kusan shekara biyu bayan haka, wata ranar kasuwa, wani dogon mutum ya turo mashin da tayar baya a sace. Zira ne. Muka tsaya muna kallon juna. Na ba shi benci, na aika aka kawo shayi. Ya ce mako guda bayan abin ya bar Lagdo, yanzu yana koyarwa a Wuro Patuji, nan Mubi.

Ina cire tayar na ce, "Malam Zira, tambaya ɗaya ta daɗe tana cina. Kai ka kai ni wurin mutumin nan. Ka san irin aikin?"

Ya ajiye kofin. "Na yi zato."

"Kuma ka kai ni."

"An kashe ƙanina a Michika. Mutum uku a kan mashin. Da na ji ka ce kai bakanike ne daga Mubi, na ga hannunka, na ce wannan nasu ne. Na ce bari su cinye juna, ba ruwana." Ya goge fuska. "Sai na ji ka a waya da yarinya, kana maganar dorina. Na ce na yi kuskure, mutumin nan ba abin da ya sani. Ka yafe mini."

Sifana tana hannuna. Zan iya cewa na yafe, mu sha shayi, ya tafi da sauƙin zuciya. Na ajiye ta, na jawo ɗayan bencin na zauna kusa da shi.

"Ba ka yi kuskure duka ba," na ce. "Zauna sosai. Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, kuma kai ya kamata ka fara ji."